Kurman Cikin Labarinmu Ba Abin Dariya Ba Ne



Mu duba labaranmu da wasannin kwaikwayonmu. Kusan duk inda kurma ya fito, don a yi dariya aka kawo shi: a gaishe shi, ya amsa da zancen kuɗin goro, mai karatu ya tuntsire. Da wuya mu tsaya mu tambayi yadda aka yi kunnen ya mutu.

Amsar kuwa tana bakin ƙofarmu. Da an gama girbi, samarin Farin Dutse da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu sukan tafi aikin gini a Dutse ko Kano ko Abuja. Wani ya wuni a gindin injin buga bulo, wani yana yankan rodi ko tayil, wani yana wajen fasa dutse, ga janareta yana ruri a gefe. Da dare kunne ya riƙa yi masa shuuu, kamar rediyon da ya rasa tasha. Sai ya ce gajiya ce.

Ba gajiya ba ce. Da desibel ake auna ƙara, kuma masana lafiyar ma'aikata sun ce kada a wuce awa 8 cikin ƙara mai desibel 85. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, shi ya sa a desibel 100, wanda injin fasa kankare yake kaiwa, minti 15 ne iyaka. Can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke kama sauti. Ƙara tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu jini, babu ciwo, shi ya sa babu mai zuwa jaje.

To ga labari nan ya kawo kansa. Magidanci ɗan shekara 40 ya dawo gida, uwargida tana magana ba ya juyowa, ta ɗauka wulaƙanci ne. A majalisa yana gyaɗa kai ba tare da ya ji me aka ce ba. A sahun baya kabbarar liman tana wuce shi. A wajen aiki an yi ihun "kauce!" bai ji ba. Wanne rikicin kishiya ne ya fi wannan taɓa zuciya?

Wani zai ce marubuci ba likita ba ne. Gaskiya ne. Amma labari yana shiga ɗakin da likita ba ya shiga. Cikin hirar taurarinmu muna iya saka cewa idan sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. Cewa abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, kuma ɗan kwangila ya kamata ya samar da shi. Cewa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji, ko da yake leburan da ake biya kullum ba shi da takardar da zai nuna.

Kafin mu sake rubuta kurma, mu je mu zauna da birkila ɗaya, mu tambaye shi yaushe ya fara cewa "na'am?" sau biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu dace.