Biyan bashi a sannu: wa ke cin ribar jinkirin?

Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Mun yarda. To amma babu inda aka ce sai mutum ya tsufa da shi. A Magarya da Dungas, an koya wa ma'aikata da ƴan kasuwa cewa wanda ya biya ɗan abin da aka yanka masa kowane wata ya gama sauke nauyi. Wannan karatu, mai ba da bashi kaɗai yake yi wa amfani.

Mu ɗauki alƙalami. A ce malamin makaranta ya karɓi miliyan ɗaya na sefa a banki, ruwa 12 cikin ɗari a shekara, biya cikin shekara 5. Za a riƙa cire masa jika 22 da ƴan kai kowane wata. A watan farko, jika 10 daga ciki ruwa ne, jika 12 kawai ke taɓa uwar kuɗi. Ranar da ya gama, ruwan da ya zuba ya kai jika 335, ban da haraji da inshora. Da zai ɗora jika 10 bisa biyan kowane wata, bashin zai mutu a wata na 38 maimakon na 60, ruwan ya tsaya wajen jika 203. Ya tsira da wajen jika 132, ya kuma karɓi cikakken albashinsa wata 22 kafin lokaci. Dalili a fili yake: a kan ragowar uwar kuɗi ake lissafa ruwa, duk dalar da ta rage ta yau ta daina haihuwa ke nan.

Wa ke faɗa wa malamin wannan lissafi? Abin da ake yi masa tayi shi ne bashin ragon layya da bashin komawar yara lakwal, sa'an nan, kafin tsohon ya ƙare, a haɗa masa da sabo a ƙara wa'adi. Wasu takardun yarjejeniya ma tara suke ɗora wa wanda ya zo biya da wuri, sai ka ce laifi ya yi. A shekarar 2014, ƙasashe masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma sun rage iyakar kuɗin ruwa daga 18 zuwa 15 cikin ɗari ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga ƙananan asusun bashi. Madalla. Sai dai an ɗaure tsadar ruwan, an saki tsawon igiyar.

Shi kuwa dogon bashi caca ce: kana cewa shekara 5 za su wuce lami lafiya. A ina? Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka yi babu albashi ba, balle faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Ƴan kasuwar da ke kai dabbobi Maigatari ranar Alhamis sun ga an rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. A 2023 da 2024 naira ta zube, wanda ya ci bashi da sefa ya sayar da naira ya gane kurensa. Iyaka ta rufe, kasuwa ta tsaya, ruwan bashi bai tsaya ba ko kwana ɗaya.

Wani zai ce: in kuɗin na juyawa a kasuwa suna kawo ribar da ta fi ruwan banki, don me zan yi gaggawar maida su? Magana ce, ga wanda jarinsa ke juyawa da gaske kuma ya rubuta lissafinsa. Amma ragon da aka cinye da bikin da aka watse, wace riba suke kawowa? Wani kuma zai ce albashin bai isa ba. Gaskiya ne. Wanda ba ya iya jika 10 ya ɗora 2, ko ya kai kwasar adashinsa, ya fara da bashin da ya fi tsadar ruwa, ya bar ɗan abin ko-ta-kwana a gefe. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maraɗi a 1991, ba su shiga jami'a ba, amma sun san bashi gajere ake cinsa.

Muna kira ga ma'aikatar kuɗi da ƙungiyoyin ƙwadago: a tilasta wa kowane mai ba da bashi ya bayyana jimillar ruwan da Hausa kafin a sa hannu, a kuma soke tarar biya da wuri a kan ƙananan basussuka. Kai kuma mai bashi, kada ka jira su. Nemi takardar lissafin biyanka, ka tambayi nawa ya rage na uwar kuɗi, ka sa a rubuta cewa ƙarin da ka kawo ita zai rage. Sannu ba ta hana zuwa, amma a hanyar banki kowane zango kuɗi ake biya.