Bahindi: Jinkirin Kai Mai Naƙuda Asibiti Ke Janyo Asarar Rayuka

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi kimanin kashi 15 cikin 100 na masu juna biyu ne suka sami awon ciki a hannun ƙwararrun ma'aikatan lafiya, waɗanda kuwa ƙwararru suka karɓi haihuwarsu ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. A duk faɗin tarayya babu jihar da ta kasa mu a wannan lokaci. Wajibi ne mu dubi abin da waɗannan alƙaluma ke nufi ga gari kamar Bahindi da ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bagudo da ke daura da iyakar Jamhuriyar Benin.

Abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa sanannu ne, kuma kowannensu yana da magani: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin bayan haihuwa. Abin da ke mayar da su ajali shi ne jinkiri. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu kacal.

Jinkirin farko daga cikin gida yake farawa. Mai haihuwar fari takan ɓoye naƙuda saboda kunya, har sai ta galabaita. Idan an fahimci halin da take ciki, sai a kira ungozoma, a ba da rubutu da jiƙe-jiƙe, a ce a ƙara haƙuri. Idan maigida yana fadama wajen shinkafa, ko ya tafi kasuwa ƙetaren iyaka, ba mai ikon cewa a ɗauke ta. Muna ganin a nan ne gyara ya fi sauƙi, domin bai buƙatar ko kwabo: maigida ya bar izini tun ciki yana wata bakwai, a gaban mahaifiyarsa da surukansa, cewa duk sa'ar da aka ga jini, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta wuni ta kwana, a tafi asibiti ba sai an jira shi ba. Limamai da hakimai da masu unguwanni su ne za su iya mayar da wannan ya zama al'ada. Ungozomomi kuma ba abokan gaba ba ne. Su mata suka yarda da su, don haka su ya kamata a koya wa alamomin haɗari.

Sai kuma hanya. Ƙasarmu ƙasar kogi ce, Kwara ya ratsa Bagudo, kuma da damina ƙauyuka da dama sai da kwalekwale ake fita. Ambaliyar 2020 ta nuna mana yadda gari kan yanke daga 'yan uwansa. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta ware mambobinta masu ɗaukar mata masu naƙuda dare da rana. Kwamitin raya mazaɓa na Bahindi yana iya yin irin wannan yarjejeniya da direbobi da masu jiragen ruwa, tare da asusun man fetur a hannun amintacce.

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta. Mataki ne mai kyau, amma wadda ta isa asibiti da sauran ƙarfinta ita ke cin moriyarsa. Hakazalika asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, amfaninsa ga talaka shi ne ya tarar da ma'aikaciya da fitila da magani ƙarfe biyun dare. Iyalin da suka sha wahalar hanya suka iske ƙofa a rufe ba za su sake komawa ba, kuma labarin zai zagaya gari. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su can.

Zaman iyaka ma yana da nasa sha'ani. Auratayya tsakanin mutanenmu da na Benin daɗaɗɗiya ce, ta Tsamiya zuwa Segbana ko ta Lolo. Mace takan fara awo a nan, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a can, inda takardun asibiti da Faransanci ake rubuta su. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas. Saboda haka muna kira ga ma'aikatanmu su tambayi kowace mace inda za ta haihu, su rubuta awon jininta da magungunan da ta sha a katinta, su kuma jaddada mata ta tafi da katin.