Naƙasasshen ma'aikaci da aikin dare a Gaya: me doka ta ce?

Gaya gari ne na iyaka, inda gadar kogin Kwara ta haɗa Nijar da Malanville ta ƙasar Benin, hanyar Kamba kuma ta nufi Najeriya. A irin wannan gari aiki ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Akwai masu gadin magaza, da ma'aikatan gidajen mai, da masu jinya a asibiti, da masu lodin kamiyo. Rufe gadar da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rage zirga-zirgar kayan da ke fitowa daga tashar ruwan Kwatano, guraben aiki suka yi ƙaranci. Idan aiki ya yi wuya, wanda jikinsa ba ya ɗaukar kwanan zaune shi ake fara nuna wa ƙofa.

Ba ragwanci ba ne. Mai farfaɗiya, rashin barci yana tayar masa da ciwo. Mai dundumi yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai lalube. Mai ciwon sikila kuwa, sanyin hunturu a bakin kogi ya isa ya kwantar da shi kwanaki. Dukkansu suna iya aikin rana kamar kowa.

Kundin dokokin aiki na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya haramta wa mai ba da aiki nuna bambanci saboda naƙasa wajen ɗauka, ko rabon aiki, ko albashi, ko sallama. Aya ta 5 ta ambaci naƙasa da sunanta, ta ambaci sikila. Kundin ya kuma wajabta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben da za a cike, sannan doka mai lamba 2019-62 ta Disamba 2019 ta zo ta shimfiɗa ƙa'idodin shigar da su cikin harkokin rayuwar ƙasa. Maƙwabta ma sun yi nasu: Benin a 2017, Najeriya da dokar da aka sa wa hannu a Janairu 2019.

To amma kashi 5 ɗin nan a bakin ƙofa yake ƙidaya mutane. Bayan an shiga, takardar rabon lokutan aiki ce ke yanke hukunci. Mai gida yana iya ɗaukar naƙasasshe don cika lissafi, ya jera shi cikin masu dare daidai da kowa, ya ce ai bai bambanta ba. Bayan fashi biyu ko uku sai takardar gargaɗi, daga nan sai sallama, a rubuta cewa ma'aikacin ne ya kasa. Wannan kora ce da aka yi wa lulluɓi.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta toshe wannan kafa. Aya ta 27 ta buƙaci a yi wa ma'aikaci gyara mai ma'ana a wurin aiki, aya ta 2 kuma ta lissafa ƙin yin gyaran cikin nau'o'in nuna bambanci. Mayar da mutum aikin rana yana cikin gyare-gyare mafi arha: ba gini, ba sayen na'ura, musanyar suna ce a takarda. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a yarjejeniyarta ta 171 ta shekarar 1990, ta tanadi cewa wanda likita ya tabbatar ba ya iya aikin dare a mayar da shi wani aiki makamancinsa idan hali ya yi. Gaskiya ne gyaran yana da iyaka, domin ba a ɗora wa mai gida nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ɗan kasuwa mai magaza ɗaya da mai gadi ɗaya yana da abin faɗa. Ma'aikata mai mutum talatin, da wuya ta samu hujja.

Ma'aikacin da abin ya shafa sai ya fara da takardar likita wadda ta faɗi abin da dare ke yi wa lafiyarsa, ya rubuta buƙatarsa, ya ajiye kwafi. In an ƙi, ofishin sufeton ƙwadago na jihar Dosso yana kiran ɓangarorin biyu domin sulhu, in sulhu ya faskara sai kotun ƙwadago. Wakilan ma'aikata da ƙungiyoyin naƙasassu suna iya rakiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawancin masu gadi da ƴan lodin Gaya da baki aka ɗauke su, ba takardar albashi, ba rajista a asusun CNSS. Kafin su yi maganar dare da rana, sai sun fara kawo shaidar cewa su ma'aikata ne, ga kuma tafiyar kilomita kimanin 150 zuwa Dosso da kuɗin mota daga aljihunsu.