Yunwa a Makarantar Horon Malamai

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manya duk sa'ad da aka ambaci halin da ɗaliban kwalejojin horon malamai su ke ciki. Sai su ce wai wahala ita ce gishirin karatu, wai sai an sha wuya a kan sha daɗi, saboda haka yaro ya yi haƙuri ya ɗaure cikinsa. Wannan magana ta ƙoshi ce. Abin mamaki kuwa shi ne, da yawa daga masu faɗinta Gwamnati ce ta ciyar da su safe da rana da dare, ta ba su sabulu da tufafi, kāna ta ɗora musu 'yan kuɗin kashewa, har suka gama karatu ba su san farashin mudun gero ba.

Tun asali a ƙasar nan ba a ɗauki horon malami a kan harkar yaro da ubansa ba, harkar hukuma ce. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, don horon malamai aka kafa ta, kuma hukuma ce ta ɗauki nauyin waɗanda suka shiga. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito, dukansu kuwa da alli suka fara aiki. Haka kuma da Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai aka yi ta buɗe makarantun horon malamai, a kwana a ci a sha kyauta, har da alawus. Dalili a fili ya ke: an san ɗan talaka ne ya kan shiga aikin malanta, ɗan talaka kuwa ba shi da wanda zai ciyar da shi shekara uku yana zaune.

To, yaya aka yi tukunyar ta huce? Wanda ya ke son amsa, ya bi ta Bompai ya duba. Nan ce unguwar masana'antu mafi daɗewa a Kano, kafin a yanka Sharaɗa da Challawa. A zamanin da injuna su ke ruri, dubban magidanta a nan su ke samun abinci, a masaƙu da majemu da gidajen matsar man gyaɗa da na alewa da na roba. Albashin leburan masaƙa ba shi da yawa, amma yana zuwa kan kari, da shi kuwa a kan biya wa yaro kuɗin mota da na littafi. Sai farashin man fetur ya karye a kasuwar duniya, Gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan a 1986 Janar Babangida ya zo da shirin nan da a ke kira SAP. Naira da a dā ta ke kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka, kafin ƙarshen 1989 sai an ba da fiye da 7 a karɓi dala guda. Kayan gyaran inji suka gagara saye, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, waɗansu suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Watau a lokaci guda Gwamnati ta janye hannunta daga kwanon ɗalibi, uba kuma ya rasa aikin da zai cike gurbin. An bar yaro tsakanin bango biyu.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga wata. Ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, duk mai rai a birnin ya ji a jikinsa. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan ta bara waccan, buhun shinkafa ya zarce naira 70,000 da aka yanka a matsayin mafi ƙarancin albashi a wannan shekara.

A cikin wannan hali mai neman takardar NCE ya ke karatu, ko a Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke kan hanyar Zariya a ƙasar Kumbotso, ko a Bichi, ko a tsohuwar kwalejin Kabuga da aka ɗaga ta zama jami'ar horon malamai. Ɗalibai har lissafi suka ƙirƙira na cin abinci: sifili, sifili, ɗaya, watau ba kari, ba na rana, sai na dare. Na daren ma sau da yawa garin kwaki ne da ruwa, in an yi sa'a da ƙuli-ƙuli. Mutum huɗu ko biyar su kan haɗa kuɗi su sayi gawayi su dafa taliya a tukunya guda. Wanda gidansu ke Brigade ko Dakata, sai ya zaɓa tsakanin kuɗin adaidaita-sahu da kuɗin ɗab'in takardun darasi, ya kan kuwa zaɓi takardun ya taka da ƙafa. Wani ya kan kwana yana aikin lebura a gidan roba a Bompai ko Sharaɗa, aikin da a ke biya a yini ba takarda ba fansho, gari ya waye ya shiga aji yana gyangyaɗi a gaban malamin da ke bayanin yadda a ke riƙe hankalin yara. 'Yan mata kuwa, in abin ya yi tsanani, su a kan fara cewa su zauna a gida, a daidai lokacin da makarantun ƙauye ke kukan rashin malamai mata.

Mafi muni shi ne lokacin gwajin koyarwa. A nan ne a kan tura ɗalibi wata makaranta ya yi watanni yana koyarwa kamar cikakken malami. Shi zai biya kuɗin mota, shi zai sayi kwali da alƙalamin zane, shi zai nemi tufafin da zai tsaya da su gaban yara ba kunya. Aiki ya ke yi wa hukuma, amma daga aljihunsa. Ina aka taɓa ɗaukar soja a ce ya zo da abincinsa daga gida? Kurtun soja da na ɗan sanda ciyar da su a ke yi a wurin horo, har a ba su alawus, domin an yarda ƙasa ce ke bukatarsu. Ashe ƙasa ba ta bukatar wanda zai koya wa sojan karanta sunansa?

Masu kare wannan hali hujja biyu gare su. Ta fari, su ce babu kuɗi. Amma a 2021 Ministan Ilmi, Malam Adamu Adamu, ya sanar cewa za a riƙa ba ɗaliban NCE naira 50,000 kowane zangon karatu, masu digirin malanta kuma 75,000. Ke nan Gwamnati da bakinta ta yarda hakki ne. Shekaru suka shuɗe, alkawarin bai isa aljihun galibin ɗalibai ba. Ban da haka, tun 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, asusun da ya zama TETFund a 2011, kuma 'yan masana'antun da suka rage a Bompai da Challawa sun zuba nasu a ciki. Kuɗin ya gina manyan ɗakunan lacca, madalla da wannan. Sai dai gini ba ya karatu, mutum ne ke yi, kuma an fi son gini ne domin shi a kan yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto.

Hujja ta biyu, su ce ai ga rance. Gaskiya ne dokar 2024 ta kafa asusun NELFUND, yana biyan kuɗin makaranta, ya ba da naira 20,000 a wata, ba kuwa ruwa a kai. Ga mai karatun injiniya ko lauya wannan taimako ne. Amma malamin firamare, wanda albashinsa bai ɗara mafi ƙaranci da wani abin kirki ba, a ce a riƙa zare kashi 10 cikin 100 daga ciki, ai an ɗora wa kura kayan da jaki ya kasa. Yaro mai ƙwaƙwalwa ba wawa ba ne. In ya ga malanta yunwa ce a farko, bashi a ƙarshe, sai ya karɓi takardarsa ya nufi Kwari ko Sabon Gari, a bar aji ga wanda ya rasa mafita.

Magani ba sabo ba ne, an taɓa yinsa a ƙasar nan, ya kuwa yi aiki. A buɗe ɗakin cin abinci a kowace makarantar horon malamai, ko da ci ɗaya ne mai kyau a yini. A biya kowane ɗalibi alawus na watannin gwajin koyarwa, kai tsaye cikin asusunsa na banki, ba ta hannun kowa ba. Sa'an nan a ɗaure shi da yarjejeniya kamar yadda a ke yi dā: shekarun da aka ciyar da shi, ya biya su da koyarwa a inda aka tura shi, birni ko ƙauye. Wanda ya cika, a yafe masa rancensa.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni 2024, ta shiga gyaran azuzuwa da sayen kujeru. Lalle wannan abin yabo ne. Amma wanda zai tsaya gaban waɗannan kujeru nan da shekara uku, yau yana can yana jiƙa gari da ruwa, yana tunanin ko ya bari. Daga kansa ya kamata gyaran ya fara.