Katakon da ƙwaro ya yi wa ado

A wannan mako za mu tsallaka teku zuwa Kanada da gabashin Amurka, inda ake samun itacen da Faransawa ke kira érable, wanda ganyensa ke kan tutar Kanada tun shekarar 1965.

Katakon wannan itace fari ne tas, mai santsi. Amma wani lokaci idan aka tsaga gungumen, sai a tarar da dogayen zane-zane, wasu ruwan toka, wasu ruwan ƙasa, wasu da ɗan shuɗi-shuɗi, sun bi tsawon katakon kamar harshen wuta. A cikin kowane zane akwai ƴan ƙananan ramuka da tsinken ashana ma da ƙyar zai shiga.

Wane ne mai wannan zane? Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yana huda itacen, ya shiga ɗauke da irin fumfuna a jikinsa, ya shuka ta a bangon raminsa. Da shi da ƴaƴansa fumfunar suke ci, ba itacen ba. Wato dai manomi ne. Fumfunar ita ce ke rina katakon. Tun a 1836 wani masani ɗan Ostiriya, Schmidberger, ya raɗa wa wannan abinci suna ambrosiya, sunan abincin gumaka a tatsuniyoyin Girkawan da, kuma da sunan ake kiran katakon har yau.

Shekaru da dama masu sayar da katako suna ɗaukar sa a matsayin mai aibi, suna karya kuɗinsa. Daga baya kafintoci suka lura cewa ƙarfinsa bai ragu ba, domin da zarar an busar da shi a tanda, ƙwaron ya mutu, fumfunar ta daina yaɗuwa. Yanzu da shi ake ƙera tebura, ƙofofin kabad, akusa da gangar jikin gita. Ba a rufe shi da fenti mai kauri. Mai ko baranis kawai ake shafa masa don zanen ya fito. Wasu su cike ramukan, wasu su bar su. Babu allo biyu da ke da zane iri ɗaya, kuma wannan ne ya ba shi daraja.

Sai dai a yi hattara: ba kowane rami ne ado ba. Gara, wadda muka sani a gidajenmu, itacen kansa take ci, ta bar shi fanko. Haka kuma katakon da gari ke zubowa daga ramukansa, ɓarna ce ke tafe.

A Nijar, inda galibin katako daga ƙasashen gabar teku yake zuwa, kuma kuɗinsa ba wasa ba, ya kamata kafintocinmu na Maraɗi da Damagaram su riƙa duban allo mai tabo da kyau kafin su tura shi murhu, ko su binne shi da fenti. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.