Da Wane Samfuri Za a Gwada Riga-kafin Kwamfuta?

Duk ma'aikatar da ke shirin sayen manhajar riga-kafi domin kare kwamfutocinta, mai talla yakan zo mata da alƙaluman nasara, wai hajarsa ta kama kusan duk muguwar manhajar da aka jarraba ta da ita. Abin da ba a cika tambayarsa ba shi ne, da waɗanne samfura aka yi gwajin? Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin kansa ba ya da daraja sai abin da aka yi shi da shi ya dace da wurin.

Mafi sauƙin samfuri shi ne fayil ɗin EICAR, wani ɗan rubutu mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, wanda kamfanonin riga-kafi suka yi ittifaƙin ɗaukarsa tamkar cuta. Iyakar amfaninsa ya nuna cewa mai gadi yana farke, ba ya nuna ko zai iya kama ɓarawo. Haka nan tsofaffin samfura. WannaCry ta girgiza ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, amma yau kowace manhaja ta san kamanninta, saboda haka kama ta ba abin alfahari ba ne.

Samfurin da ya dace shi ne wanda ke shigowa ta ƙofar da cuta ta saba bi a wurin. A shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Bayero a Kano, ko na Samaru a Zariya, filash ɗaya kan ratsa kwamfutoci da dama a yini guda. Can ne ake gamuwa da cutar da ke ɓoye fayilolin ɗalibi ta bar masa gajerun hanyoyi na bogi, irin aikin Gamarue, wadda aka rushe cibiyoyinta a ƙarshen 2017 amma ragowarta ta ci gaba da yawo a filash. A ofisoshi kuwa, ƙofar ita ce imel mai ɗauke da takardar kuɗi ta ƙarya. Mutum uku da aka kama a Legas a Nuwamban 2020, bisa haɗin gwiwa da Interpol, an zarge su da amfani da Agent Tesla da Loki, masu satar kalmomin sirri. Gwajin da ya tsallake waɗannan ƙofofi biyu bai amsa tambayar mai saye a Kano ba.

Akwai kuma sharaɗi biyu da akan manta. Na farko, a gwada manhajar ba tare da intanet ba, domin da yawansu sun dogara ne da tuntuɓar rumbun kamfaninsu kafin su yanke hukunci, alhali kwamfutoci da yawa a nan ba kullum suke haɗe da intanet ba. Cibiyar AV-Comparatives ta ƙasar Austriya takan fitar da sakamakon yanayin biyu daban-daban. Na biyu, a cakuɗa fayiloli masu lafiya cikin samfuran, domin riga-kafin da ke goge kundin ɗalibi bisa zargi shi ma ɓarna yake yi.

Wasu na ganin mafita ita ce mai gwaji ya ƙirƙiri sabuwar cuta da kansa. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta sa an yi haka a 2006, aka samar da nau'o'i 5,500, ta kuma sha suka daga masana, domin abin da aka ƙera a ɗakin gwaji yana iya kuɓucewa. A Najeriya ma, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yaɗa irin waɗannan manhajoji da gangan. Saboda haka samfuri na gaske sai ƙwararre, a kwamfutar da aka keɓe, wadda ba ta haɗe da ta kowa.

Ma'aikatar da ba ta da irin wannan ƙwararre ta tsaya ga rahoton cibiyoyi masu zaman kansu, ta kuma nemi mai talla ya faɗi shekarun samfuransa da ƙasar da aka tattaro su kafin ta sa hannu a kwangila.