Tuffa Ta Fita, Albasa Ta Shiga

Yau a wannan fili namu zan kai ku madafar Faransawa, mu duba wani abinci nasu wanda asalinsa kayan zaƙi ne da a ke ci bayan an ƙoshi, amma masu girki suka juya shi ya zama shi ne abincin dare a lokacin sanyi. Sunansa tarte Tatin, su kuwa Tatan su ke faɗi.

Akwai wani gari Lamotte-Beuvron a yankin Sologne, wajen mil 100 kudu da Faris, ƙasar kurmi da tafkuna inda mafarauta ke taruwa. Daura da tashar jirgin ƙasa ta garin, waɗansu mata biyu, ya da ƙanwa, suka riƙe masauki a ƙarshen ƙarni na 19. Babbar, Stéphanie Tatin, an haife ta a 1838, ita ce mai girki. Ƙaramar, Caroline, an haife ta a 1847, ita ke karɓar baƙi. Ana ba da labari wai wata rana tuffa ta so ta ƙone wa Stéphanie cikin man shanu da sukari, sai ta rufa kwaɓaɓɓiyar fulawa a bisa, ta tura kaskon cikin tanderu, da ya gasu ta kife shi a faranti. Caroline ta rasu a 1911, Stéphanie a 1917, sai bayansu ne marubucin abincin nan Curnonsky da gidan abinci na Maxim's a Faris suka baza sunan a duniya.

To, abin da ni ke so ku lura da shi ke nan: gwanintar wannan abinci ba a tuffa ta ke ba, a kifewar ta ke. Abin da za a ci yana ƙasa, yana nuna cikin mai da sukari har ya yi ja. Fulawa tana sama, zafi na bugunta, ba ta jiƙewa. Wanda ya gane wannan ya san lalle kowane abu mai zaƙin kansa, wanda ba ya narkewa a wuta, yana iya maye gurbin tuffa. A hunturun Faransa kuwa, watau daga Disamba zuwa Fabrairu, lambu ya daskare, abin da ke rumbu shi ne albasa da karas da 'yan'uwansu. A ganina albasa ta fi su duka. Mu ma nan ba baƙuwarmu ba ce, ga ta Galmi ga ta Aliero, alhali tuffa sai an kawo mana ita daga nesa.

Ga yadda a ke yi. A kwaɓa fulawa giram 200 da man shanu mai sanyi giram 100, da ɗan gishiri, da ruwan sanyi kaɗan, a ajiye wuri mai sanyi rabin sa'a. A ɓare ƙananan albasa kamar giram 700, irin waɗanda Faransawa ke kira eshalot in an samu, a raba kowace biyu, amma kada a yanke gindin, shi ke riƙe ta. A narka man shanu giram 40 a kaskon ƙarfe wanda zai iya shiga tanderu, a barbaɗa sukari cokali guda, a jera albasar fuskar yankan tana ƙasa, a matse su ƙwarai gama za su ƙanƙance. A sa gishiri da masoro da ganyen tayim.

Nan ne wurin da mutane ke rasa hanya, kuma nan ni ke da magana. Da yawa sukan zuba sukari gwargwadon na tuffa, cokali biyar ko shida, su ce ai haka asalin ya ke. Abin da ke fitowa ba abincin dare ba ne, ba kuma kayan zaƙi ba, mai gida ya ci loma biyu ya ture, a yi asarar mai da fulawa. Albasa tana da sukarinta a jiki, ƙaramar wuta ce ke fito da shi. Cokali gudan nan don launi ne kawai. Sai a bar ta kan wuta marar ƙarfi minti 25 ko 30, ba juyawa, ba gaggawa. Sukari yakan fara ja ne wajen digiri 160, in kuwa wuta ta yi yawa sai ya zarce ya yi baƙi da ɗaci tun albasa ba ta nuna ba. In ta yi laushi a zuba ruwan kal cokali biyu. Kada a ce za a bar shi don gudun tsami, shi ne ke karya zaƙin ya mai da abin na gishiri. A jira ruwan ya tsotse sai ɗan romo mai kauri, don in ya saura da yawa fulawa za ta sha shi bayan an kife.

Daga nan sauran mai sauƙi ne. A murza fulawar, a rufa, a cusa gefenta ciki, a huda ta da cokali mai yatsu don tururi ya fita, a gasa a digiri 190 kamar rabin sa'a har ta yi ja.

Amma fa a yi hankali da kifewa. In an fito da kasko a dakata minti biyar, kada a wuce goma. Wanda ya yi sauri, romon sukari mai zafi ya zubo masa a hannu, ƙunarsa kuwa ta fi ta tafasasshen ruwa, gama mannewa ya ke yi. Wanda ya daɗe, sukari ya daskare, albasa ta liƙe wa kasko. A ɗora faranti mai faɗi a bisa, a riƙe da tsumma, a juya gaba ɗaya.

Faransawa sukan marmasa cukun nonon akuya a kai, irin na Selles-sur-Cher ko na Chavignol, waɗanda ba su da nisa da Sologne, su ci da ɗanyen ganye mai ɗan ɗaci. Kasko guda ya ishi mutum huɗu, a ci shi da ɗuminsa.

Naku,
Akawu.